Shawa mai lantarki a ka: abin da ɗan ƙasar waje ya kamata ya sani

Shirin yau wani ɗan uwanmu ɗan Mada da ke karatu a Nairobi ne ya jawo shi. Ya ce ya shiga banɗaki ranar farko, ya ɗaga kai, sai ya ga wayoyin wuta sun shige cikin kan shawa. Kwana uku bai yarda ya tsaya ƙarƙashinta ba, da bokiti yake wanka. Wallahi ban ga laifinsa ba. Mu da muka tashi ana ce mana ruwa da lantarki ba sa ga maciji, ka ga kuwa dole gaba ya faɗi.

To, mece ce wannan shawar? Ku tuna hitar da muke jefawa cikin bokiti lokacin hunturu. Kusan ita ce, sai dai an cusa ta cikin kan shawar. Kana buɗe famfo, ƙarfin ruwan zai tura wata 'yar roba a ciki, ta haɗa wuta, ƙarfen ya yi zafi, ruwa ya bi ta kansa ya zubo maka da ɗumi. Ka rufe famfo, ta mutu. Babu tanki, babu jira. A Brazil aka ƙirƙiro ta, wani mai suna Francisco Canhos a garin Jaú, kuma har yau mafi yawan gidajen can da ita suke wanka. Lorenzetti ne sunan da za ka fi gani a jiki, har a Kenya.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne famfon ɗaya ne tak. Kana son zafi? Rage ruwan. Ka buɗe da ƙarfi, sai sanyi, don ruwan ya wuce da sauri bai samu ya ɗumama ba. Amma in ka rage ya yi yawa, sai ta kashe kanta, ruwan sanyi ya sauko maka a gadon baya. Wanda ya taɓa wankan asuba a Nairobi cikin watan Yuli ya san wannan ihun.

Yanzu maganar da ta fi muhimmanci. Akwai maɓalli a jikin kan shawar na ƙara zafi ko ragewa. A Brazil za ka ga an rubuta Inverno, wato hunturu, da Verão, lokacin zafi. Kada ka taɓa shi ruwa na zuba. Rufe famfo tukuna, ka goge hannu, sannan ka canza. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta tare wuta kamar busasshiya, ga ƙafarka a cikin ruwa.

Wutar da take ja ba wasa ba ce. Da yawansu wat 5,500 ne, wasu har 7,500. A layin bolt 220, wat 5,500 amfiya 25 kenan, alhali soket ɗinmu na gida amfiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Shi ya sa take bukatar wayarta mai kauri da birekarta ita kaɗai. Masu tunanin sayo ta su kawo Gusau su ɗora wa ƙaramin janareto, ku hutar da kanku, ko motsa ta ba zai yi ba.

In ka kama sabon ɗaki, kafin ka tuɓe riga, duba sama. Akwai waya ta uku, kore ko kore da rawaya, ita ce ta ƙasa, wadda ke kwashe wutar da ta ɓalle. In ka gan ta tana lilo ba a haɗa ta da komai ba, ko ka ga wayoyin an murɗe an naɗe da salatif kawai, kira mai gida. Ka kuma tambaya ko akwai bireka mai katse wuta da zarar ta fara yoyo. Mutane na sa silifas ɗin roba, ba laifi, amma jiƙaƙƙen silifas ba zai maye gurbin wayar ƙasa ba.

Kuma don Allah, in ka taɓa famfo ka ji ɗan tsir-tsir a yatsa, musamman inda kake da yanka, kada ka ce ai kaɗan ne. Fita, kashe bireka, koma wa bokitinka har mai gyaran wuta ya zo.

Mutuminmu dai ya ce yanzu ya saba, sai dai har gobe bai yarda ya ɗaga hannu sama yana cuɗa ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.