Agogon da Ke Aiki da Hasken Rana, Rediyo Ya Saita Shi

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Funtuwa, ya rubuto cewa an yi masa tallar wani agogon hannu mai tsada, wai ba a canza masa batir, wai kuma rediyo ne ke saita masa lokaci. Yana tambaya: gaskiya ne, ko daɗin bakin dillali?

To Malam, akwai irin wannan agogo. Kamfanonin Casio da Citizen da Seiko na Japan duk suna ƙera shi. A ƙarƙashin fuskarsa akwai wani ɗan faifai mai mai da haske wutar lantarki, ya tara ta cikin ƙaramin batir mai caji. In ya cika, yawancinsu sukan yi wata shida suna aiki ko da a cikin akwati. Sai dai kada ka bar hannun riga ya rufe shi kullum, kada kuma ka shanya shi a gaban mota cikin zafin bazara, zafi na kashe batirin.

Maɓallan da ke gefe na awon lokaci ne. Ka danna, ka ga minti nawa injin ban-ruwa ya yi kafin ya shanye litar mai guda.

Maganar rediyo kuwa, a nan gizo ke saƙa. Ba irin tashar da kake jin mu ba ce. Tashoshi ne na musamman da ba sa watsa komai sai siginar lokaci, agogon ya kama ta da dare ya gyara kansa. Kamfanin Junghans na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1990. Tashoshin da agogon ke saurare suna Jamus, Ingila, Amurka, Sin da Japan. Ta Jamus, kusa da birnin Frankfurt, siginarta takan kai kamar kilomita 2,000, alhali daga can zuwa Kano ya haura kilomita 4,000. Ka ga ke nan ba za ta iso Funtuwa ba.

Agogon zai yi aiki sumul, kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 a wata ba, amma da hannunka za ka riƙa saita shi. Saboda haka in dillali ya ɗora kuɗi don rediyon, ka ce ya rage, ko ka nemi mai hasken rana zalla, ya fi araha. Da fatan ka gamsu.