Makaɗan Littattafan Almara da Fim Ɗin da Suke Jira

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasu masu tsara kiɗa da aikinsu ke ba mutane mamaki. Mutum zai karanta littafin almara, labarin ya shiga ransa, sai ya zauna ya shirya masa kiɗa daga farko har ƙarshe, irin wanda ake sakawa a fim, alhali babu fim, babu darakta, babu wanda ya ɗauke shi aiki. Littattafan da ake nufi su ne waɗanda marubuci ya ƙirƙiro musu duniya ta kansu, mai dodanni da matsafa da sarakunan da ba su taɓa wanzuwa ba. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ko Iliya Ɗan Maiƙarfi ya san ɗanɗanon irin wannan labari, sai dai na Turawa kan kai mujalladi uku, ko bakwai, wani ma har goma sha huɗu.

Babu littafin da ya jawo makaɗa kamar The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, malamin jami'ar Oxford, wanda ya fito tsakanin 1954 da 1955. Dalili a fili yake. Tolkien ya zuba waƙoƙi fiye da sittin a cikin labarin, wasu ma da harsunan da shi kansa ya ƙirƙiro, amma bai rubuta musu kari ba. Mai karatu zai ga an ce wane ya rera waƙa a bakin wuta, ya ga baitocin a takarda, sauran kuwa sai kunnen zuciyarsa. Wannan giɓin ne makaɗa suka yi ta ƙoƙarin cikewa. Donald Swann, wani makaɗin fiyano ɗan Birtaniya, ya sa wa wasu daga cikin waƙoƙin kari da yardar Tolkien, aka fitar da aikin a 1967.

Labarin Bo Hansson ɗan ƙasar Suwidin ya fi nuna yadda mai zaman kansa yake aiki. Hansson gwanin ogan ne, wani kayan kiɗa mai kama da fiyano. Ya karanta littafin, ya keɓe a wani gidan hutu a tsibirin Älgö kusa da Stockholm tare da abokinsa Anders Lind da makaɗa kaɗan, suka naɗi faifai da ƴan kayan aikin da suke da su. Faifan ya fito a Suwidin a 1970, babu muryar mawaƙi a ciki, kiɗa ne zalla. Bayan shekara biyu kamfanin Charisma ya fitar da shi a Ingila, ya shiga cikin fayafai arba'in da suka fi ciniki. A lokacin babu wanda ya taɓa ganin Gandalf ko Frodo, jaruman littafin, a babban allon silima. Duk wanda ya sayi faifan nan, hoton da ke kansa nasa ne, kiɗan ne kawai na Hansson.

Shi kuwa Johan de Meij ɗan ƙasar Holan ya ɗauki wata hanya mai wuya. Ya shafe shekaru yana rubuta dogon kiɗa mai kashi biyar, ya tsara shi don badujala, wato tarin masu busa da masu ganga, babu goge irin na manyan ƙungiyoyin makaɗan Turai. Badujalar sojan Beljiyom ce ta fara kaɗa shi a Brussels a 1988, shekara ta gaba kuma ya ci wata babbar gasa a Amurka. De Meij ya kafa kamfanin ɗab'i nasa, Amstel Music, ya riƙa buga takardun kiɗansa da kansa. Har yau badujalar makarantu da ta garuruwa suna kaɗa wannan aiki a ƙasashe da dama.

Dabarar da yawancinsu ke amfani da ita ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe. Kamar yadda basarake ko ɗan dambe ke da takensa, da an ji ganga ta faɗi an san wa ake nufi tun bai bayyana ba, haka mai tsara kiɗa ke ba kowane jarumi da kowane wuri ɗan gajeren sautinsa. Richard Wagner na Jamus ne ya shahara da wannan salo a ƙarni na 19. Gwanintar tana wajen sarrafa taken: a ranar nasara a busa shi da ƙarfi, a ranar baƙin ciki a ja shi a hankali, mai sauraro ya gane mutum ɗaya ne amma hali ya sauya. De Meij ya ba Gollum, wannan halitta mai zuciya biyu, muryar wani siririn abin busa da ake kira saksofon, tana kuka tana lallashi tana cizo a lokaci guda. A ganina wannan kashi ya fahimci Gollum fiye da sharhi da yawa da aka rubuta a kansa.

A da, sai mai kuɗi ko mai kamfani a bayansa ke iya tara makaɗa saba'in a ɗaki ɗaya. Yanzu kwamfuta ta sauƙaƙa wannan. Ana sayar da manhajoji da aka naɗi sautin kowane goge da kowace sarewa a ciki, mutum ɗaya a ɗakinsa zai haɗa su har su yi kama da cikakkiyar ƙungiya. Hanyar kai kaya kasuwa ma ta buɗe: YouTube ya zo a 2005, Bandcamp a 2008, Kickstarter a 2009. Masu sauraron kuma ba a wahala wajen gano su, domin makarantan littafi ɗaya sun riga sun san juna, suna taruka, suna neman abin da za su kunna yayin karatu. Misali mai kyau shi ne kundin Kaladin, wanda wasu makaɗa masu suna The Black Piper suka shirya a kan littafin The Way of Kings na Brandon Sanderson. A 2017 suka nemi gudummawar masoya littafin ta Kickstarter, da izinin marubucin, aka tara musu kuɗin aikin tun kafin a gama shi. Sai dai kada a ɗauka arziki ake yi a nan. Abin da dandalin sauraro ke biya a kan kowane ji yawanci bai kai santi ɗaya na Amurka ba, kuma tun 2024 Spotify ba ya biyan komai a kan waƙar da ba a saurara sau dubu ba a shekara. Yawancin makaɗan nan suna da wata sana'a da ke ciyar da su.

Akwai kuma maganar haƙƙin mallaka, wadda ta tuntsurar da mutane da yawa. Babu dokar da ta hana mutum ya karanta littafi ya tsara kiɗa a kan abin da ya ji a ransa. Amma ɗaukar baitocin marubuci a rera su, ko buga sunayen jaruman a bangon faifai don talla, wannan sai da izini. Shi ya sa ƙungiyar Tolkien Ensemble ta ƙasar Denmak, wadda aka kafa a 1995, ta nemi amincewar magadan Tolkien kafin ta rera dukkan waƙoƙin littafin cikin fayafai huɗu.

To, ina maganar fim? Da yawa daga cikin makaɗan nan suna da buri a ɓoye ko a bayyane: idan an zo yin fim ɗin, darakta ya ji aikinsu ya kira su. Gaskiya ita ce da wuya hakan ke faruwa, kuma ba don kiɗan nasu ba shi da kyau ba. Marubuci idan ya sayar da izinin fim, yawanci ikon zaɓen ma'aikata ya bar hannunsa. Tolkien ya sayar da nasa ga kamfanin United Artists a 1969, izinin ya koma hannun furodusa Saul Zaentz a 1976, ya yi ta yawo har Peter Jackson ya fitar da finafinansa uku tsakanin 2001 da 2003. Howard Shore aka ba kiɗan, mutumin da ya riga ya yi finafinai masu yawa, ya kuma ci lambar Oscar uku da aikin. Kamfanin da ya zuba miliyoyin daloli yana neman wanda ya saba cika alkawari a kan lokaci. Haka aka yi da The Wheel of Time na Robert Jordan: Robert Berry ya fitar da kundin kiɗa a kan littattafan a 2001, amma da Amazon ya mai da su shiri mai dogon zango a 2021, Lorne Balfe ya ɗauka.

Akwai dalili na biyu, na sana'a. Kiɗan fim ana ɗinka shi ne a jikin hoto, bayan an gama ɗauka an yanka. Idan jaruma ta juya kai a daƙiƙa ta goma sha biyu, a nan sautin zai juya. Kiɗan da aka yi wa littafi yana tafiya da numfashin mai karatu, ba zai zauna a kan hoton da aka yi bayansa ba sai an warware shi an sake. Ko wanda aka ɗauka aiki ma ba shi da tabbas: Alex North ya rubuta kiɗan fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, darakta Stanley Kubrick ya ajiye shi gefe ya sa tsofaffin kiɗe-kiɗe. Sau da yawa kuma fim ɗin ma ba ya zuwa. Kamfanin DMG ya karɓi izinin littattafan Sanderson a 2016, shekaru suka shuɗe ba a ga fim daga wajensa ba.

Duk da haka ƙofar ba a kulle take gaba ɗaya ba. A ƙasar Folan akwai ƙungiyar Percival, wadda ta aro sunanta daga ɗaya daga cikin jaruman littattafan The Witcher na Andrzej Sapkowski. Sun daɗe suna kaɗa kayan gargajiyar yankinsu, har kamfanin CD Projekt ya gayyace su suka yi aiki tare da Marcin Przybyłowicz a kiɗan wasan kwamfuta na The Witcher 3 a 2015. Abin da ya kai su shi ne suna da wani sauti nasu da ba a samu wajen kowa ba.

Wannan ne ma abin da ke damuna game da sababbin makaɗan yanzu. Tun da finafinan Jackson suka fito, kunnen duniya ya saba da Shore, har matasa da yawa suna kwaikwayonsa ba tare da sun lura ba: tarin muryoyi, manyan ganguna, sarewa mai taushi idan an zo ƙauye. Hansson da de Meij sun yi nasu kafin finafinan Jackson, shi ya sa kowannensu ya ji littafin ta hanyarsa. Inda har yanzu ake samun irin wannan ƴanci shi ne littattafan da silima ba ta taɓa ba. The Silmarillion na Tolkien, wanda ɗansa Christopher ya fitar a 1977, yana cikinsu, domin ba ya cikin abin da aka sayar a 1969. A kansa ne ƙungiyar Blind Guardian ta Jamus ta gina kundinta Nightfall in Middle-Earth a 1998, da gita mai ƙara da muryoyi masu amo, salon da babu wani kamfanin fim da zai yi tunanin ba wa wannan littafi.