Ƙaramin ƙwaro na barazana ga itatuwan da suka tsira daga gatari a Amurka

A gandun dajin Cook Forest da ke jihar Fensilbaniya a Amurka, akwai itatuwan hemlock da suka haura shekara 300 a tsaye. Ganyensu ba ya kaɗewa ko a tsakiyar hunturu, kuma inuwarsu ce ke sanyaya ruwan rafukan dajin, wanda kifayen wurin ba sa jure ɗuminsa.

Da ƙyar suka kai yau. A ƙarni na 19 an yi ta sare hemlock saboda ɓawonsa, wanda ke yi wa masu jima aikin da bagaruwa ke yi wa majeman Kano. Sau da yawa a ɓare ɓawon, a bar gungumen ya ruɓe a ƙasa. Sai a ƙarshen shekarun 1920 gwamnatin jihar ta sayi dajin ta killace shi.

Amma killacewa ba ta hana ƙwaro shiga. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai suna adelgid, ɗan asalin Japan, da aka fara gani a jihar Bajiniya a 1951, ya iso Cook Forest a 2013. Yakan lafe a gindin ganye cikin wani farin abu kamar auduga, yana tsotse abincin itacen har ya bushe cikin shekara huɗu zuwa goma.

Ma'aikatan gandun na bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya suna sa musu magani, aikin da sai an maimaita shi bayan 'yan shekaru. A wasu dazuzzukan yankin kuma ana sakin wasu ƙwarin da ke cinye shi.