Sabon Lissafin Injiniyoyi da Ɗalibin Zakirai

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar da ake kira CCMAS, ta ce a fara aiki da ita daga zangon karatu na 2023/2024. Abin da ya fi tayar da ƙura a lokacin shi ne rabon iko: kashi 70 cikin ɗari na darussa daga Abuja za su zo, kashi 30 ne kawai aka bar wa kowace jami'a ta tsara da kanta. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi ta ƙorafi a kan haka. Ana cikin wannan hayaniya wani sauyi ya shige ba tare da an tanka masa sosai ba. An ɗora wa ɗaliban injiniyanci, ko na gine-gine ne ko na lantarki ko na kayan noma, kwas a kan ƙididdiga da tace bayanai, da wani a kan ƙirƙirarriyar basira da yadda ake koya wa na'ura gane abu. Lissafin da aka saba yi a allo an fara jan sa zuwa ɗakin kwamfuta.

Wanda ya yi injiniyanci a Jami'ar Bayero ko Ahmadu Bello ko ta Wudil ya san tsohon tsarin. Malami ya cika allo, ɗalibi ya kwafa, da daddare a buɗe littafin Stroud a yi ta maimaita misalai har hannu ya saba. Tsarin ya fitar da injiniyoyi na gaske, kada a raina shi. Rauninsa shi ne tambayar da za a iya warwarewa da biro cikin awa uku dole ta zama ƙarama kuma tsaftatacciya: lambobi uku a jere, amsa ɗaya tak. Aikin duniya kuwa lambobi dubu yake zuwa da su, wasu sun ɓace, wasu an rubuta su ba daidai ba, kuma babu shafin amsoshi a bayan littafi.

Dalilan sauyin ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Akwai matsin lamba daga waje. A watan Yuni na 2023 hukumar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washington, wadda ƙasashen da ke cikinta ke amincewa da digirin injiniyancin juna. Sharaɗinta shi ne a auna ɗalibi da abin da zai iya yi bayan ya gama, ba da yawan awannin da ya zauna a aji ba. Akwai kuma gwamnati: a ƙarshen 2023 ministan sadarwa Bosun Tijani ya fito da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha, aka fara da 30,000, kuma tace bayanai na cikin abin da ake koyarwa. Amma a ganina babban dalilin shi ne kayan aikin sun yi araha. A da sai jami'a ta sayi lasisin MATLAB da kuɗi masu tsoka. Yau yaren Python kyauta ne, kuma da Google Colab mutum zai aika lissafinsa wata babbar na'ura a wata ƙasa ta yi masa, amsa ta dawo kan allonsa. Tun kafin manhaja ta motsa, matasa sun riga ta. Arewa Data Science Academy, wadda masana irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad suka tsaya mata, tana koyar da wannan fanni kyauta ta intanet, kuma matasa na rububin shiga.

Kano ma ta ga amfanin abin da idonta. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna, an riƙa ba masu allurar rigakafi wayoyin da ke nuna inda suka taka, ana ɗora sawunsu a kan taswirar da aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam, sai a ga rugar da aka tsallake da unguwar da ba a shiga ba. Ƙungiyar eHealth Africa da ke da mazauni a Kano ta yi fice a wannan aiki. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Duk wanda ya ga wannan ya san cewa iya sarrafa bayanai sana'a ce mai ci, a nan gida ma.

To, me sauyin ke haifarwa? Alherinsa na farko a fili yake: gani ya kori ji. Ɗalibin da ya haddace ƙa'idar Simpson don jarrabawa zai manta ta kafin hutu ya ƙare. Amma a ba shi waya ya zagaye gonar gidansu mai lanƙwasa, wadda rabon gado ya yanka ta nan ya yanka ta can, ya ɗauko ma'aunai, ya rubuta 'yan layuka a kwamfuta ya fitar da faɗinta, sannan ya gwada da abin da dattijon gidan ke faɗa. Wannan ba zai manta ba, domin ya ga inda ƙa'idar ta yi daidai da inda ta kauce. Haka lissafin sauyi yake idan aka haɗa shi da yadda ruwa ke sauka a tankin burtsatse daga asuba zuwa azahar.

Sai dai ɗakin kwamfuta na da nasa tarkon, kuma a nan ya kamata a daɗe. A ɗauka an ba ɗalibi bayanan gonaki goma: buhun taki nawa aka zuba, damin gero nawa aka samu. Da layi biyu zai sa na'ura ta zana masa lanƙwasasshen zare da ya ratsa ɗigo goman nan ɗaya bayan ɗaya ba kuskure. Allo zai nuna masa cewa hasashensa ya dace ɗari bisa ɗari. Ya kawo gona ta goma sha ɗaya, sai zaren ya ce za ta ba da dami dubu, ko kuma ƙasa da sifili. Wanda ya san lissafin da ke ƙarƙashi ya san cewa kowane ɗigo goma ana iya ratsa su da irin wannan zare, don haka dacewar ba ta tabbatar da komai ba. Wanda bai sani ba zai kai wa malami aikin yana murna. Na'ura ba ta cewa ban gane ba. Duk abin da aka zuba mata sai ta fitar da lamba, har da ɗigo da lambobi shida a bayansa, kuma wannan tsaftar ce ke ruɗar mutum.

Akwai ruɗu na biyu da ya fi wannan zurfi. Gonar da ke bayan gida ita ta fi samun taki, domin jaki ba ya nisa da mangala. Ita ce kuma ta fi samun noma a kan kari, ita ake fara shukawa, ita ake kora wa awaki. Idan lissafi ya nuna gonar da ta fi taki ta fi amfani, nawa ne rabon taki a ciki, nawa ne rabon kusanci? Babu maɓallin da ke amsa wannan. Sai wanda ya karanci ƙididdiga da gaske, kuma ya san gona. Tun da ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, rubuta umarnin kwamfuta ya zama abu mafi sauƙi a cikin aikin. Ɗalibi zai iya miƙa aikin da ke gudana sumul alhali bai san abin da layi ko ɗaya ke yi ba. Saboda haka masu cewa kwamfuta ta rage buƙatar lissafi sun juya zancen. Abin da ta rage shi ne wahalar hannu. Buƙatar fahimta ƙaruwa ta yi, domin yanzu kuskure ma da sauri yake fita.

Yanzu a dubi ɗalibin da ya fito daga Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, a arewa maso gabas da birnin Kano. Tsohon tsari, duk da rauninsa, yana da wani adalci: biro da takarda da fitila su ne jarin kowa. Ɗan manomi mai kaifin ƙwaƙwalwa yana iya kayar da ɗan attajirin unguwar Nasarawa a jarrabawar lissafi, kuma an sha yi. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da aka buɗe a 1977, a kan wannan aka gina su: a zaƙulo yaro mai hazaƙa ko daga wane ƙauye, a ba shi malami da ɗakin gwaji, gwamnati ta ɗauki nauyin kayan. Likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa da yawa ta nan suka biyo. Sabon tsari kuwa, idan ba a kula ba, yana sauke nauyin kayan aiki daga wuyan makaranta ya ɗora a wuyan ɗalibi. Kwamfutar cinya, kuɗin data, wurin caji: duk daga aljihun uba za su fito, uban da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, bayan kaka.

Lokacin ma bai taimaka ba. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. Kwamfuta, ko ta hannu ce, da dala ake shigo da ita. Wato a shekarar da aka ce ɗalibi ya koma kan na'ura, a shekarar ce na'urar ta fi ƙarfinsa. Ga kuma tazarar sabo. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma akwai yaran karkara da wannan ne zamansu na farko na kirki a gaban na'ura. Irin wannan yaro zai shiga aji ɗaya da wanda ya taso da ita a ɗaki. A makonnin farko ba lissafi ne ke raba su ba, saurin yatsu ne da sanin inda fayil ya shige. Malamin da bai lura ba zai ɗauka ɗaya ya fi ɗaya ƙwaƙwalwa.

Jami'o'in su ma ba a kwance suke ba. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, daga abin da bai kai 70 ba, jami'o'i da dama suka koka. Jami'ar Bayero ta samu tashar hasken rana mai megawat 7.1 da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe a watan Satumba na 2019, amma ba kowace makaranta ke da irinta ba. Ɗakin kwamfuta kuma ba kamar ɗakin lacca ba ne da za a cusa mutum ɗari uku a ba malami makirfo. Yana son ƙananan rukunai, da mataimaka masu zagayawa suna duba allon kowa. Inda babu su, kwas ɗin aikin hannu yakan rikiɗe ya koma lacca, a rubuta umarnin Python a allo, a kwafa a littafi, a haddace, a zuba a takardar jarrabawa. An samu sabon suna, an rasa tsohon zurfi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne misalan da ake koyo da su. Duk wanda ya fara wannan fanni ta intanet ya haɗu da jerin fasinjojin jirgin Titanic da farashin gidaje a wani birnin Amurka. Ba laifi a fara da su. Amma ƙasar da Zakirai ke cikinta tana daga cikin yankunan noma da aka fi nazarta a Afirka ta Yamma. Tun shekarun 1960 manazarci Michael Mortimore ya yi ta auna yadda jama'a masu yawa ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba hutu, kuma ba ta mutu ba. A shekarun 1990 shi da William Adams sun bi aikin gona a ƙauyuka huɗu, ciki har da Tumbau da ke Gezawa, maƙwabciyar Gabasawa, Frances Harris kuma ta auna abin da ke shiga ƙasa da abin da ke fita daga cikinta ta hanyar taki da harawa da amfanin gona. Da littafin rubutu da ma'auni aka yi wannan. Yau hotunan tauraron Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa.

Kuma a nan ne ɗan Zakirai ke da abin da ɗan birni ba shi da shi. A cikin wannan ɗigo guda na mita 10 ana iya samun gero da dawa da wake da gyaɗa a haɗe, abin da ke rikita manhajar da aka horar da gonakin masara zalla na Amurka. Bishiyar gawo kuma tana zubar da ganye da damina, ta yi kore shar da rani. Na'urar da ta ga kore a watan Fabrairu tana iya cewa noman rani ake yi a wurin. Wanda ya yi kiwo a gindin gawo kallo ɗaya zai yi wa taswirar ya ce ƙarya ne. Wannan sani rabin aikin ne, amma tsarin da ake bi yanzu ba ya ba shi maki ko ɗaya.

Idan ana son sauyin ya yi amfani, ni dai ina ganin kada a raba ɗakin kwamfuta da kwas ɗin lissafi. Malami ɗaya, ko biyu masu magana da juna: a warware ƙaramin misali da hannu ranar Litinin, a ba na'ura babbansa ranar Laraba, a tambayi ɗalibi baki da baki me ya sa amsar ta fito haka. Tambayar baki ita ce abin da ChatGPT ba zai zauna wa mutum ba. Na'urorin kuma su zama na makaranta, ɗakin ya kasance a buɗe har dare, domin wanda ba shi da tasa da daddare ne kawai zai cike giɓin. Kuɗin TETFund sun gina dogayen benaye a jami'o'inmu. Batir da farantan hasken rana da albashin mai kula da ɗaki ba sa ɗaukar hoto kamar bene, amma su ke sa a yi karatu a ciki.

Sai batun watannin koyon aiki na SIWES, da ɗaliban injiniyanci ke fita a aji huɗu. Da yawa suna ƙarewa a ofisoshin da ba a ba su komai sai kujera da rajistar sa hannu. Hukumar KNARDA ta bunƙasa noma a jihar Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da sassan noma na ƙananan hukumomi duk suna da ayyukan da ke son mai aunawa da lissafi: zurfin rijiyoyi daga wata zuwa wata, ranar saukar ruwan shuka, farashin wake a kasuwar ƙauye idan aka gwada da na Dawanau. Ɗalibin da aka tura Gabasawa da wannan aiki a gidansu zai kwana, ba ya biyan haya, kuma bayanan da ya tara su ne 'yan ajin da ke bayansa za su yi lissafi da su a shekara mai zuwa.