Baradan Napoliyon a tafin hannu: aikin da ke cinye daren hunturu a Turai

A watan Disamba rana na faɗuwa a Paris kafin ƙarfe 5 na yamma, a Landan kuwa kafin ƙarfe 4. Sanyi ya hana zaman waje, dare kuma ya yi tsawo. A wannan lokaci ne wasu mazauna Faransa, Ingila, Beljiyam da Jamus ke kunna fitilar tebur, su ɗauko ƴan mutum-mutumin sojojin doki na zamanin Napoliyon, su shiga yi masu fenti ɗaya bayan ɗaya. Mahayi guda bai wuce ɗan yatsa ba, amma yana iya cin dare biyu ko uku kafin a gama shi.

Ƴan ci-rani da ke leƙa kasuwannin gwanjo na ranar Lahadi a Turai sukan ci karo da su a cikin tsofaffin kwalaye, takubba a lanƙwashe, fenti ya ɓaɓɓake. Wanda bai sani ba zai ɗauka tarkacen wasan yara ne. Masu tara su kuwa sunan kamfani suke fara dubawa. Kamfanin CBG Mignot na Paris ya shahara da sojojin darma tun ƙarni na 19. A Ingila, kamfanin Britains ya fara zuba masu rami a ciki a 1893, ya daina a 1966. A shekarun 1960 ne roba ta karɓe kasuwa: Historex na Faransa ya fito da masu tsawon milimita 54, Airfix na Ingila kuma da ƙanana masu araha waɗanda ɗan makaranta ke iya saye. Fim ɗin Waterloo na 1970 ya ƙara rura wutar sha'awar.

Aikin na da matakai. Da farko a wanke mutum-mutumin da ruwa da sabulu, a kankare layin da wurin zubi ya bari, a shafa fentin shimfiɗa. Daga nan sai doki, da sirdi da linzami da likkafa, sannan mahayi: fuska, riga, ɗamara, maɓallai. A ƙarshe a bi lunguna da baƙin fenti mai ruwa-ruwa don inuwa ta fito, a rufe da man kariya. Tsohuwar robar Airfix mai laushi ce, fenti ba ya kama ta sosai, shi ya sa wasu ke fara shafa mata farin gam. Takobin roba da ya lanƙwashe kuwa, ruwan zafi ke miƙar da shi.

Launi ba yadda aka ga dama ake zaɓensa ba. Masu sulken ƙarfe na Faransa shuɗiyar riga suke sawa, da kwalkwali mai baƙin gashin doki. Rundunar da ake kira dragon koriyar riga ce da kwalkwalin tagulla. Masu busa ƙaho kan hau kili, domin kwamanda ya hango su cikin hayaƙin bindiga. Akwai ma Mamluk, mahayan da suka biyo sojojin Faransa bayan mamayar Masar ta 1798, masu rawani da jan buje da lanƙwasasshen takobi, waɗanda suka yi yaƙi a Austerlitz a 1805. Kuskuren launin wuyan riga kaɗai na iya mayar da soja wata runduna, saboda haka mai fenti kan daɗe a kan littafi kafin ya taɓa buroshi.

Babbar gardamar masu wannan sha'awa ita ce: a sabunta tsohon soja ko a bar shi? Na darma da ke ɗauke da fentinsa na asali, musamman idan kwalinsa na nan, ya fi daraja a wurin masu saye, ko da ya kwarzane. Wanda ya kankare shi ya zuba sabon fenti ya ƙara masa kyau, amma ya karya masa farashi. Shi ya sa gogaggu ke koyon hannu a kan na roba, su ƙyale na darma.

Darmar kanta guba ce. Mai goge ta sai ya kiyayi ƙurarta, ya wanke hannu kafin cin abinci, ya nisanta ta da yara masu kai komai baki. Tana kuma da tata cutar: idan aka ajiye ta a akwatin wasu katakai masu fitar da tururin tsami, sai ta fara zama farin gari, har ƙafar doki ta karye.

Ƙananan sojojin sun taɓa shiga rikicin manya. A 1838 wani hafsan Ingila, William Siborne, ya kammala taswirar filin yaƙin Waterloo na ranar 18 ga Yuni 1815, da ƴan sojoji kimanin 70,000. Daga baya ya cire da yawa daga na Prusiya, waɗanda isowarsu ta taimaka aka karya Napoliyon. Taswirar na gidan tarihin soja na Landan, ana kuma ci gaba da muhawara kan rabon da ta ba kowace ƙasa a nasarar.

Akwai kuma abin da fenti ba ya nunawa. Napoliyon ɗin da ake ƙawata baradansa shi ne ya maido da bauta a yankunan da Faransa ke mallaka a 1802, bayan an soke ta a 1794. Lokacin cikarsa shekara 200 da mutuwa, a Mayun 2021, batun ya raba kan Faransawa. Matashin da ya sayi kwali guda a gwanjo don rage daren sanyi, idan neman launin riga ya kai shi ɗakin karatu, zai tarar da wannan babin a littafi ɗaya da na sulke da kwalkwali.