Haya, aro da jingina: yadda za a auna bayanin kayan aiki ga ɗan aiken na'ura a kasuwannin Tasawa da Mayahi

1. Gabatarwa

Abin da muke kira ɗan aiken na'ura shi ne tsarin kwamfuta da aka horar da harshe, wanda ake ba shi umarni da magana, shi kuma ya je ya yi bincike a cikin rumbun bayanai ya kawo amsa. Ba ya shiga rumbun kai tsaye. Kayan aiki ake jera masa, kowane da sunansa, da gurabun da za a cika, da ƴan jimloli masu faɗin amfaninsa. Kamfanin OpenAI ya fito da wannan hanya a 2023, Anthropic kuma ya fitar da ƙa'idar MCP a Nuwamba 2024. Abin lura a nan shi ne, ɗan aiken ba ya ganin cikin kayan aikin. Waɗannan ƴan jimloli kaɗai yake karantawa, da su yake zaɓe. Ke nan matsalar ta ma'ana ce, ta shafi mai nazarin harshe kafin ta shafi injiniya.

Mu ƙaddara an tattara takardun shaguna, rumfuna da filayen kasuwanci na gundumomin Tasawa da Mayahi wuri guda, an kuma ɗora ɗan aike a kansu.

2. Kalmomin mallaka

Dokar karkara, watau ordonnance 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta ba haƙƙin da ya samo asali daga al'ada kariya daidai da wanda ke rubuce. Kwamitocin filaye, daga na gunduma har na ƙauye, suna ba da takardun saye, kyauta, aro, haya, jingina da mallakar gargajiya. A cikin gari kuwa acte de cession da titre foncier ake ji. Yanzu mu dubi wannan bayani:

(1) Cherche les locaux disponibles à la location.

Ga tambayoyi biyu na ɗan kasuwa:

(2) Akwai shagon haya kusa da tasha?
(3) Wa zai jinginar mini da shago kusa da tasha?

Jimla ta (2) ba ta da wuya. Amma ta (3), tun da bayani (1) bai ce komi ba game da abin da kayan aikin ba ya yi, ɗan aiken zai iya ɗaukar jingina a matsayin location, don ita ce mafi kusa a cikin jerin da aka ba shi. Alhali bambancin babba ne. A haya, kuɗi yana tafiya ba ya dawowa, kuma akwai wa'adi. A jingina, mai kuɗi yana riƙe wurin yana mora har ranar da mai shi ya mayar da abin da ya karɓa, ko da bayan shekaru. Aro kuwa ba kuɗi a cikinsa, sai mutunci. Sassa uku ne suka raba su: biya, dawowar kuɗi, wa'adi. Bayanin da bai ambaci waɗannan sassa ba, a ganinmu bai cika ba, ko da nahawunsa ya yi kyau.

Kalmar saye ma tana da nata tarko. A galibin kasuwanninmu ƙasar ta hukuma ce, don haka mai cewa ya sayi rumfa, sau da yawa zama ya saya, ba fili ba.

3. Kuɗi da sunayen wurare

Nan ne muka fi jin tsoro. Gurbin farashi yakan ce kawai prix. To amma Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, dala ɗaya kuma sefa 5 ce, kuma sau da yawa ba ya ma furta kalmar. In ya ce ɗari biyar, 2.500 yake nufi. Jika goma kuwa 10.000 ce. Ɗan aiken da ya koyi Hausa galibi daga rubutun Najeriya zai rubuta 500, ya kawo amsa da gaba gaɗi. Jimla ɗaya a cikin bayanin ta isa ta toshe wannan rami.

Sunaye kuma rubutun faransanci ke gare su a takardu: Tessaoua, Maïjirgui, Kanan-Bakaché, ba Tasawa, Maijirgi, Kanambakace ba. Wajibi ne bayanin ya faɗi wanda rumbun ke karɓa.

4. Hanyar aunawa

Ba sabuwar dabara muke kawowa ba: gwajin musanya ne, commutation, wanda ɗalibanmu suka sani daga nazarin sauti. A tattara tambayoyi daga bakin ƴan kasuwa da dillalai yadda suke faɗar su, ba yadda malami zai gyara su ba. A gaban kowace a rubuta kayan aikin da ya dace da abin da ya kamata a cika. Sa'an nan a canja kalma ɗaya a cikin bayanin, a bar saura, a duba ko zaɓen ya canja. A maimaita kowace tambaya sau da yawa, domin ɗan aiken ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum.

A kuma sa tambayoyin da amsarsu ta gari ita ce a sake tambayar mai tambaya, ko a ce ba a sani ba. Alal misali, wani fili a bakin hanyar Damagaram da ba a samu a rumbun ba. In bayanin bai ce rumbun ya ƙunshi wuraren da aka yi wa takarda kaɗai ba, ɗan aiken yana iya cewa filin ba shi da mai shi, alhali gado ne na wani gida, kuma dokar 1993 tana kare shi. Muna ba da shawara a ba irin wannan kuskure maki dabam, kada a haɗa shi da kuskuren rubutun suna, don shi ne mai kai mutane gaban sarki ko alƙali.