Malam Adamu Ciroma: Ɗan Potiskum Da Ya Riƙe Alƙalamin Arewa

In aka ambaci Potiskum, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne kasuwar shanu da manyan motocin ɗaukar kaya. Amma garin nan ya fid da mutumin da ya nuna cewa jaridar gwamnati tana iya gaya wa gwamnati gaskiya, watau Malam Adamu Ciroma.

An haife shi a Potiskum ran 20 ga Nuwamba, 1934, lokacin garin yana cikin Lardin Barno. Ya yi Midil a Maiduguri, ya wuce Kwalejin Barewa ta Zariya, daga bisani ya tafi Jami'ar Badun inda ya sami digiri a kan tarihi cikin 1961. Da ya gama sai ya kama aikin gwamnati, ya yi a Jihar Arewa, ya kuma yi a Ikko.

Ran 1 ga Janairu, 1966, Gwamnatin Sardauna ta fara buga jaridar New Nigerian a Kaduna, a madadin Nigerian Citizen, ƙarƙashin wani Bature mai suna Charles Sharp. Mako biyu kacal bayan haka soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Jaririyar jarida ta wayi gari marainiya, Arewa kuma ta rasa masu magana da yawunta. Cikin wannan shekara mai zafi aka ɗauko Malam Adamu daga ofis aka ba shi kujerar edita, alhali bai taso cikin aikin jarida ba.

Makamin jaridar shi ne sharhinta, wanda akan buga a shafin farko. Gajere ne, ba kwana-kwana, kuma manyan ma'aikata da hafsoshin soja sukan fara da shi kafin su duba sauran labarai. Akwai kuma filin Candido, inda editoci ke sa baƙin suna suna yi wa manya shaguɓe. Ga shi kuwa da kuɗin gwamnati aka kafa jaridar, amma hakan bai sa ta zama 'yar amshin shata ba. Duk zamanin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ta tsaya kan haɗin kan Nijeriya, ba ta kuwa fasa sukar mahukunta in sun kauce ba.

Ba kowa ne ya yaba ba. A Kudu da yawa sun ɗauke ta bakin wasu 'yan boko da ake kira Mafiyar Kaduna, suna zargin ta fifita bukatun Arewa. Amma har masu wannan zargi ba su bar karanta ta ba.

Cikin 1969 Malam Adamu ya zama Manajan Darakta, kujerar edita ta koma hannun Malam Mamman Daura, wanda ya yi karatu a Kwalejin Trinity ta birnin Dublin, ƙasar Ailan. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe jaridar, a shekarar ce kuma Janar Murtala Muhammed ya naɗa Malam Adamu Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, ya riƙe har 1977.

Daga nan sai siyasa. Ya nemi jam'iyyar NPN ta tsai da shi takarar Shugaban Ƙasa a 1978, Alhaji Shehu Shagari ya samu, shi kuma ya yi minista a gwamnatinsa. Ya sake riƙe Ma'aikatar Kuɗi daga 1999 zuwa 2003 zamanin Cif Obasanjo. Allah ya yi masa rasuwa a Abuja ran 5 ga Yuli, 2018, yana da shekara 83.

Jaridar da ya rena ta durƙushe daga baya. Jihohi da yawa suna da gidajen rediyo da talabijin nasu, har da Yobe wadda aka ƙirƙiro a 1991, kuma masu biyan albashi su ne masu mulki. Tambayar da ke gaban kowane edita a waɗannan gidaje ita ce wadda Malam Adamu ya amsa tun 1966: ko zai iya gaya wa mai gida abin da ba ya son ji? Allah ya jiƙansa, amin.